Na iso Katsina lafiya, ga godiyata ga kowa

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, na iso gida, Inna ta ganni ta shafa fuskata ta tabbatar ni ne. Nasan da yawanku kun bi abin tun 15 ga Afrilun 2023 da aka fara ɓarin wuta a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da mayaƙan rundunar RSF muna cikin azumi, kun ga bidiyon motocin da suka tashi daga Jami'ar Afirka, kun ji zaman da muka yi a bakin iyakar Arƙin kafin mu samu shiga Masar a kwaso mu daga Aswan zuwa Abuja, don haka ba zan maimaita ba, gaskiya ma ba ni da ƙarfin maimaitawa. Har yanzu ramuwar barci nake, duk wanda ya turo saƙo ban amsa ba dan Allah ya yi min uzuri.

Wadda zan fara yi wa godiya ban ma san sunanta ba, kuma da wuya ta ga wannan rubutun. Ranar da na bar ɗakina a Omdurman zan tsallaka gada zuwa inda ake tara 'yan Najeriya, na shiga ƙaramar mota da jakata a cinya, kyamara a ciki. Duk wanda yake garin a lokacin ya san a kama ka da kyamara a shinge daidai yake da a ce kai ɗan leƙen asiri ne, waya ma karɓa suke su bi hotunan ciki ɗaya bayan ɗaya balle ni da kati cike da hotunan tituna da gadoji. Muka hango masu bindiga sun tare hanya, jikina ya hau ɓari, addu'ar da na iya tun ina allo ta ɓace min. Sai wata tsohuwa a gefena, wadda tun da na shigo ban ji ta yi magana ba, ta ce da Hausa, irin Hausar Sakkwatawan da, "ɗan nan, miƙo abin ga." Ta karɓa ta tura ƙarƙashin lulluɓinta, ta ɗora ƙullin kisra, wato gurasar Sudan, a kai ta ci gaba da jan carbi. Suka sauke mu maza suka zazzage jakata, ita ko kallonta ba su yi ba. Bayan mun wuce ta miƙo min, na tambaye ta daga ina, tace ita 'yar Maiurno ce, kakanninta cikin masu hijira suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Na taɓa zuwa Maiurno kusa da Sennar na ɗauki hotunan tsofaffinsu a bakin kogi, ban taɓa zaton ɗaya daga cikinsu ce za ta fanshi wuyana ba. Ta sauka a hanya tana ce min in gaida mutan gida. Toh mutan gida, ga gaisuwarta na isar. Allah ya tsare ta ita da zuri'arta, ya sa ta gama da duniya lafiya, ya ba ta inuwa ranar da babu inuwa sai tasa.

Yaya Babba, nasan ba ka son a faɗa, amma sai na faɗa. Kai ka bi ta hannun wani ɗan kasuwa aka turo min kuɗi ta Bankak, manhajar bankin Khartoum ta waya, lokacin da ko ruwan sha ba ni da abin saye, kuma daga baya na ji babur ɗinka ka sayar. Allah ya mayar maka da abin da ya fi shi, ya raya maka yaranka, ya kai ka ɗakinsa. Goggo da ta tare wajen Inna tana ɓoye mata labaran rediyo, Liman da jama'ar masallacinmu na Ƙofar Marusa da suka yi ta alƙunutu, ɗaliban da muka raba dabino da biskit a cikin hamada har wata ƙanwata 'yar Daura ta ba ni cajin wayarta na ƙarshe na kira gida, abokan sana'a da suka tarbe ni a tasha, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya yaye muku duk abin da ya dame ku wanda kuka faɗa da wanda kuka ɓoye.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da sai da na sauka suka tuna da lambata, shi ma tambayar farko wai ina tsarabar Sudan. Ba komai, na gode da wannan ma.

Wani abu kuma da nake so ku fahimce ni, kar a ce butulci ne. Kowa ya zo sai yace ka dawo gida ka huta, in ce Alhamdulillahi, kuma da gaske nake. Amma can ɗin ma gida ne a wajena. Can na koyi aikin nan na ɗaukar hoto da kyau, duk Juma'a da yamma ina wajen zikirin Hamad al-Nil ina ɗaukar masu korayen riguna, da safe ina kan benci wajen mai shayinmu tana zuba min jabana, wato gahawar Sudan, bashi. Faifan da na tara aikin shekaruna na Kassala da Gadarif da tsibirin Tuti yana can a ɗakin da na kulle, mai gidan kuma lambarsa ta daina shiga. Mu an aiko mana da mota da jirgi don muna da wata ƙasar, su fa ina za su? Sai Inna ta ajiye min tuwo da miyar kuka in fara ci da daɗi, in tuna maƙwabtana, loma ta tsaya min a wuya. Nan ɗin kuma na tarar an canza, yaran da na bari suna wasan langa sun zama masu gemu suna ce min Baba, na ce zan leƙa ƙauyukan wajen Batsari da Jibiya in yi hoto aka ce kul, hanyar ba ta biyuwa yadda na sani. Jiya tayar Keke Napep ta fashe a Ƙofar Ƙaura sai ganina aka yi a durƙushe, mutane na dariya nima na taya su.

Masu cewa in ɗauki hawan Babbar Sallah a Ƙofar Soro, ina so wallahi, amma ku bari in ga yadda zan yi da ƙarar bindigogin 'yan bindigar Sarki tukuna. Masu biki ma a ɗan ƙara min haƙuri. Masu zuwa barka da arziki ku zo bayan la'asar, da safe Inna ta hana a tashe ni. Kuma dan Allah duk wanda yake da ɗan uwa a Omdurman da wayarsa ke shiga ya yi min magana ta inbos, akwai mutanen da nake nema.