Kwana huɗu da aikin idon Baba

Talata, bayan isha'i

Yau kam na gaji wallahi. Tun kahin kiran assalatu na ji Baba shina nishi a ɗaki, na shiga na iske shi zaune dahe da goshi, wai idon da anka yi mashi aiki kamar ana soka mashi allura daga ciki. Na haska hitilar waya, fatar idon ta kumbura suntum ga kwantsa ta liƙe gashin. Abin da ya ɗaga min hankali, jiya da la'asar in na ɗaga yatsu shina ƙirgawa, yau ko sai haske kawai.

Gwaggo ta leƙo da carbinta, "ƙurar hunturu ce ɗiyata, a ranbaɗa mashi tozali ya kwanta." Na ce Gwaggo don Allah ki yi haƙuri, idon ga ba a sa mashi komi sai abin da likita ya rubuta. Ta ɗan ji haushi, na gani a bakinta.

Don ni ban manta da maganar likita ba ranar sallama. Ya ce suga ce ta cinye ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido har sunka zubar da jini cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai, shi anka zuƙe anka bi wurin da leza. Ja da ɗan ƙaiƙayi bayan aiki ba komi ba ne, amma in ciwo na ƙaruwa gani na raguwa kar mu jira ranar da anka ba mu, ko tsakar dare ne mu zo, mai suga ƙwayar cuta na saurin kama shi.

Ƙarhe bakwai muna cikin keke daga Mabera, na rufa mashi rawani saboda iska. Likita ya ɗora haɓarshi kan na'urar nan mai haske, ya daɗe shiru, sannan ya kira ni in duba. Wani ɗan farin layi kwance ƙasan baƙin idon kamar nono ya kwanta a ƙwarya, wai mugunya ce. Nan take sunka ja ɗan ruwan idon don gwaji sunka yi mashi allurar maganin ƙwayoyin cuta cikin idon kanshi, ni dai hita na yi, ba ni iya kallo.

Da nas ta auna suga ta yi sama sosai, ta dube ni na dubi Baba, sai ga shi a hankali wai hurar da maƙwabta ke aikowa ta dubiya ce, kuma ba ya iya shan ta salam.

Sun riƙe shi. Ɗigo kowace awa har cikin dare, na sa alam a waya. Gwaggo ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, na buɗe kwanon na duba ƙasan leda ko ta saƙa tozalin, babu.