Abin da aikin wanki ya koya mini game da kayan ulu

A sana'ar wanki da guga, ƙarfin hannu abin yabo ne, amma ban da wajen kayan ulu. Cuɗar da ke fitar da dattin rigar auduga ita ce ke kashe suwaita. Yawancin waɗanda ake kawo mana a lalace ba sakaci ne ya lalata su ba, ƙwazo ne ya yi yawa.

Ulu gashin tunkiya ne, kuma sinadarin da ya gina shi, keratin, shi ne ya gina gashin mutum. Kowane sili a lulluɓe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓamɓarokin kifi. Idan ruwan zafi ya haɗu da sabulu mai kaifi, sannan aka yi ta cuɗawa, ɓawon nan sai ya buɗe ya sarƙe da na maƙwabcinsa. Rigar ta tsuke, ta yi tauri, ƙirar saƙar ta ɓace. Suwaitar babba takan dawo ta yaro, kuma babu gyara. Masu kaya kan roƙi a jiƙa a ja ko za ta dawo. Wadda ta ɗan motse tana iya sakewa kaɗan, amma wadda ta cure ta tafi ke nan.

Shi ya sa maigidana ba ya barin kowa ya taɓa ruwa kafin ya karanta ƙyallen da ke wuyan riga. Hoton baho da hannu a ciki na nufin wankin hannu. Lamba 30 na nufin kada zafin ruwan ya wuce digiri 30. Akwai ulun da aka gyara tun daga masana'anta, aka dakusar da ɓawonsa aka shafe shi da wani siririn sinadari, irinsa yana jure injin wanki. Akwai kuma zaren roba, akirilik, da ke kama da ulu sosai. Idan ƙyallen ya ɓata, sai a ciro ɗan sili daga cikin ɗinki a kai masa ashana. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule.

Wankin kansa ba shi da wuya. A juya rigar, a jiƙa ta a ruwa mai ɗan sanyi da sabulun ruwa mai laushi kamar minti goma, a riƙa dannawa a hankali. Ruwan ɗauraya ya zama daidai da na wanki, domin tsalle daga ɗumi zuwa sanyi ƙarara ma yana sa ta tsuke. Bilic haramun ne, narkar da ulu yake yi. Haka garin sabulu mai sinadarin cin tabon jini da gumi, don bai san bambancin tabo da zaren ba.

Jiƙaƙƙen ulu nauyi gare shi, in aka rataye shi a igiya sai hannayen riga su zazzago, kafaɗa ta yi tozo. Ba a murɗa shi. Nannaɗe shi ake yi cikin tawul a danne, sannan a shimfiɗa a inuwa, a daidaita wuya da ƙugu da hannu tun yana da danshi, domin yadda ya bushe haka zai zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ulu ba ya bukatar wanki akai-akai. Yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin riƙe wari. Sau da yawa shan iska na dare ɗaya ya wadatar. Wankin da ba a tsallakewa shi ne na ƙarshen sanyi, kafin a adana.

A nan asu ke shigowa. Wanda ake gani yana tashi ba ya cin komai, tsutsarsa ce ke huda kaya, kuma ta fi son inda gumi ko maiƙo ya taɓa, a wuri mai duhu da ba a motsawa. Saboda haka ramukan sukan fito a hammata da gaban riga. A wanke, a tabbata ta bushe sarai, a ninke, a sa cikin akwati mai rufewa ruf. Idan an ga alamar ɓarna, a ƙulle rigar a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda ko biyu.

Ƙwallayen naftalin da ake jefawa cikin akwati don korar asu kuwa, ni na fi son a bar su. Tarayyar Turai ta hana sayar da su tun 2008, kuma tururinsu na iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin. Hular jariri da safarsa sun fi aminci a cikin leda mai zif, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana kakkaɓewa a duba lungunan ɗinki.