Abin da na gani a saiwar tumatirina

Bana tumatir ya koya mini darasi. Kullum ina ban ruwa, amma da rana ta take sai ganye ya yi yaushi, ya koma ɗorawa, 'ya'yan kuma ƙanana kamar gauta. Na ƙara taki, na yi feshi har sau uku, duk a banza. Kuɗin maganin nan har yanzu yana mini ciwo.

Ranar Talata wani malamin gona ya biyo ta fadamarmu, ya ce, "Malam, tuge guda ɗaya mu gani." Na tuge. Wallahi saiwar duk ƙulu-ƙulu ce kamar carbi. Na ce ai wake ma haka yake yi. Ya yi dariya, ya ce na wake da gyaɗa alheri ne, kana murzawa yake fita, wannan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Wata tsutsa ce, nematod, ido ba ya ganinta. Tana shiga saiwa ta zauna tana tsotsa, ruwa ya kasa hawa sama, macen kuma ta zuba ƙwai ɗaruruwa. Ƙasa mai yashi irin tawa take so.

Laifina ne ma: shekara huɗu ina maimaita tumatir, tattasai da kuɓewa a wuri ɗaya, duk abincinta ne.

Na tuge na ƙone su. Baɗi masara ko dawa zan zuba a wurin, in sa takin gida da garin ƙwallon darbejiya. Inda zan yi renon iri kuwa, sai na jiƙa shi na rufe da farar leda wadda ake ganin ciki, mako shida a zafin bazara tukuna, don zafin ya kashe tsutsar.