Gasasshen Naman Sa Mai Yaji da Dakakken Dankali

Wurin mahauci aikin yake farawa. A nemi tsokar baya, rabin kilo ya ishi mutum biyu, a ce ya yanka ta da kaurin yatsu biyu. Naman shanun kasuwa yakan yi tauri, saboda haka a ɗan bubbuge shi da taɓarya.

A goge naman da tsumma mai tsabta ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen nama ba ya gasuwa, dahuwa yake yi cikin ruwansa, ya fito fari fat. Sannan a shafe shi da gishiri cokalin shayi ɗaya, citta da masoro rabin cokali kowanne, barkono daidai baki, da man gyaɗa cokali biyu.

Kasko ya yi zafi har ya fara hayaƙi. Minti 4 kowane gefe, ban da juye-juye. Yajin ƙuli kuwa sai an sauke, domin ƙuli saurin ƙonewa gare shi, ya bar ɗaci. A bar naman ya huta minti 5, in ba haka ba romon a faranti zai ƙare.

Dankalin turawa manya huɗu, karas biyu. Karas ya fi jinkirin nuna, a yanka shi ƙanana. A dafa su tare a ruwa, bayan minti 20 a tace, a mayar tukunya ruwan ya ƙafe, a murƙushe da muciya tare da man shanu cokali biyu da madara mai ɗumi rabin kofi. Kada a kai shi injin markaɗe, danƙo zai yi kamar sakwara.