Baffan Da Ya Dawo Daga Gwanja

A ɗakin Goggo, yayar mahaifina, akwai wata tsohuwar waga, jakar fata ta ɗora wa jaki kaya, da ke rataye a jikin azara tun kafin a haife ni. Fatar ta bushe ta yi baƙi ƙirin, igiyar bakinta ta tsinke an ɗaure da tsumma, kuma tun muna yara mun san ba a taɓa ta, ko da yake babu wanda ya gaya mana dalili. Bara da kaka, bayan an gama shigar da dawa rumbu, na je ƙauyenmu da ke kusa da Bebeji, na tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, sannan na tambaye ta labarin wagar. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ɗan nan, duk gidan nan kai ne ka fara tambaya. Ta kakanmu ce, da ita ya yi fataucin Gwanja."

Mu Agalawa ne. Kakanninmu daga arewa suka gangaro, daga cikin Buzayen ƙasar Asbin, suka zauna a ƙasar Katsina, bayan jihadi kuma da yawansu suka yiwo ƙasar Kano suka sauka a garuruwa irin su Madobi da Bebeji. Harshensu na farko ya ɓace, suka zama Hausawa a magana da sutura da aure, amma fatauci bai bar jininsu ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, daga cikin wannan jama'a ya fito. Gidanmu bai tara dukiya ba, jakuna kaɗan kakan mahaifina yake kora a cikin ayarin wasu, amma hanya ɗaya suka bi.

Goggo ta riƙe labarin hanyar kamar ita ta taka ta, domin a bakin kakarta ta ji shi. Ayari yakan tashi bayan damina ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, an ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗin Kura da jar fata. Sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri, su ratsa Bargu inda 'yan fashi suka fi yawa, su bi ta Mango da Yandi har Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, a Gana ta yau. Dawowa ta fi wuya, saboda goro ba ya son zafi kuma ba ya son bushewa: ana jera shi cikin ganyen fita, kuma bayan 'yan kwanaki dole a kwance kaya a zango, a yayyafa ruwa, a tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har shekara.

Da basasa ta wargaza Salaga a 1892, fatake suka watsu zuwa Karaci da Kumasi, kakan mahaifina ma ya bi su. A zangon Kumasi ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko sannan a loda shi a jirgi, kasuwar masu jakuna ta mutu. Ya dawo gida ya kama fartanya da noman gyaɗa, ya bar matar da yaron da niyyar komawa ya ɗauko su. Bai koma ba har ƙasa ta rufe masa ido.

Wannan ɓangaren na sha jin gutsurensa a zaure, kuma da alfahari ake ba da shi. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa ji ba sai a ranar.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga ƙasar. Wata ranar hunturu, da la'asar, wani dattijo mai furfura ya sauka a ƙofar gidanmu da iyalinsa, ƙura ta rufe su har gashin ido, kayansu a ƙunshe cikin zannuwa. Goggo tana budurwa a lokacin, ita aka aika da ruwan sha. Ta ce dattijon ya yi sallama, ya ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa, sannan ya buɗe gafaka ya fito da Alƙur'ani rubutun hannu, wanda a bangonsa akwai sunan uban da tawadarsa. Kakana ya kalli rubutun, ya kalli fuskar mutumin, ya fashe da kuka, domin kamar ubansu ne ya dawo. Aka yanka akuya, aka share musu sashe guda.

Karamcin bai wuce wata uku ba. Da bazara ta matso, dattijon, wanda ake kira Baffa, ya nemi a nuna masa inda zai yi shara a gonar ubansa, nan take fuskoki suka canza. Aka ce ai an raba gado tun da daɗewa. Aka fara kiran 'ya'yansa 'yan Gana, yara suna kwaikwayon Hausarsu ta zango, mata suna gulmar cewa jikokinsa ba sa iya cin tuwon dawa. Daga ƙarshe aka ba shi aron wani fako a bayan gari, inda ko gero da ƙyar yake kai ƙugu. Wani malami ya ba shi shawarar ya kai ƙara gaban alƙali, tun da a shari'a ɗa ɗa ne ko a ina aka haife shi, kuma rabonsa daidai yake da na ɗan'uwansa. Goggo ta ce da kunnenta ta ji amsarsa: "Ban baro Kumasi don in yi shari'a da ƙanena ba."

Na san kakana, ya goye ni a kafaɗa, kuma ban ɗauke shi mugu ba. Gonar ba ta da girma, bakunan da ke ci a cikinta sun yi yawa, tsoron yunwa kuma yakan taurara zuciyar mutumin kirki. Duk da haka an ci haƙƙin Baffa, kuma ba zan saka wa abin wani suna ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasar da aka hana shi ita ce wadda dagacin garin ya yanka wa kakanninmu lokacin da suka iso da jakunansu, ba su da kowa a nan. An karɓe mu muna baƙi na gaskiya, mu kuma muka kira jininmu baƙo.

Damina biyu ya yi ya rasu. Bayan sojoji sun kifar da Busiya a watan Janairu na 1972, manyan 'ya'yansa suka koma Kumasi, ɗaya ya shiga birni ya zauna a Fagge, daga nan zumunci ya yanke.

Goggo ta sa na sauko da wagar, ta kwance tsumman da hannunta. A ciki gafakar take, da Alƙur'anin, takardun sun yi ja amma rubutun yana nan sarai. Baffa ne ya damƙa mata shi a ciwon ajalinsa, saboda ita ke kai masa kunu, ya ce ta ajiye har wani daga cikin nasa ya zo. Ta ce, "Shekara hamsin da ɗoriya ina jira, ɗan nan, ƙafata ba ta kai Kumasi. Kai da ka yi boko ka nemo su."

Washegari na sa aka nuna mini kabarinsa a gefen maƙabarta, kusa da wata tsamiya. Na kuma zauna da mahaifina da ƙannensa biyu a kan maganar gonar; ɗaya ya yarda a auna a fitar da rabon, ɗaya ya tashi ya bar zauren. Makon jiya na je kasuwar goro ta Mariri, na sami wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kumasi sari, na rubuta masa sunan Baffa da na mahaifinsa a takarda, da lambar wayata a ƙasa, ya ce zai kai wa limaman zango a yi cigiya bayan sallar Juma'a.