Neman sawun Alice Guy a Fort Lee

Mai masaukina a unguwar Bronx, wani dattijo Bahaushe ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi, dariya ya yi da na gaya masa inda nake son zuwa. Ya ce, "Ɗana, ka baro Kano takanas domin matar da ta rasu tun 1968?" Duk da haka ya ajiye aikinsa na safe, ya tsallakar da ni gadar George Washington zuwa Fort Lee a jihar New Jersey, kuma ya ƙi karɓar ko sisina.

Garin ya ba ni mamaki, domin Koriyawa sun cika shi, kuma allunan shaguna da yawa da rubutunsu aka yi su. A kan titin Lemoine ne Alice Guy, Bafaransiyar da ta fara aiki a matsayin sakatariya a kamfanin fim na Gaumont a Faransa, ta gina ɗakin shirya fina-finai na kamfaninta Solax a 1912, tun Hollywood ba ta yi suna ba. Tun daga 1896 take shirya fim mai labari, lokacin da yawancin masu kyamara ba su wuce ɗaukar jirgin ƙasa da masu fitowa daga masana'anta ba, kuma a hannunta darakta Louis Feuillade ya samu shiga harkar kafin ya gaji kujerarta ta shugabar shirya fina-finai a Gaumont a 1907. A bangon ɗakin Solax ɗin ta kafa allo mai umartar 'yan wasa su yi yadda suka saba a rayuwa, gargaɗin da wasu jarumanmu na Kannywood masu yawan zare ido ke bukata har gobe. A 1912 ɗin ma ta yi fim da baƙar fata zalla, amma daga baya marubuta tarihi suka jingina wasu ayyukanta ga mazan da suka yi aiki a ƙarƙashinta.

Ginin dai babu shi, sai shaguna da filin ajiye motoci, inda wani mai gadi ya daka mini tsawa saboda na ɗaga waya zan ɗauki hoto, ko sallamata bai amsa ba. Shayin da na sha a kusa, ruwan bunu ne ba madara, kuɗinsa kuwa zai ciyar da mutum uku a wurin mai shayin unguwarmu.

Kabarin Alice yana garin Mahwah a jihar, amma la'asar ta kawo jiki, Baba kuma yana da fasinja. A dawowa ake biyan kuɗin gada, kyamara ce ke karanta lambar mota, shi ma bai bar ni na biya ba.