Man giya na tsohuwar L300 mai fowil: rijiya huɗu, mai iri biyu

Motar da nake magana a kai Mitsubishi L300 ce mai fowil (mai ja da tayoyi huɗu), wadda a Japan ake kira Delica, injin dizal 4D56, giyar hannu mai biyar. Wurare huɗu ne ke shan man giya a ƙarƙashinta: giyabos, tiransifa (ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba), aksil na gaba da aksil na baya. Kuskuren da na fara yi shi ne na sayo mai iri ɗaya, 85W-140 GL-5 mai kauri sosai, na ɗura wa duka huɗun, bisa maganar da ake yawan yi a gareji cewa tsohuwar mota man da ke da kauri take so. Aksil bai ce komai ba. Giyabos ce ta ƙi. Da sanyin safiya lokacin hunturu, giya ta biyu sai da dambe, wani lokaci har da "ƙarrr", sai an yi tafiyar minti goma sannan ta saki.

Dalilin yana cikin haruffan nan biyu da ke jikin roba, GL-4 da GL-5. Mutane suna ɗauka 5 ta fi 4 kyau, alhali aikinsu ne daban. A cikin aksil, ƙaramin haƙori yana zaune ne ƙasa da tsakiyar babban, saboda haka haƙoran ba birgima kawai suke yi ba, gogar juna suke yi da matsi mai tsanani. Shi ya sa ake loda wa GL-5 sinadarin kibiritu da fosforas, kusan ninki biyu na abin da ke cikin GL-4. Wannan sinadari ne ke ba man warin nan mai hawa kai. A giyabos kuwa akwai zobban tagulla da ake kira sinkiro, waɗanda aikinsu shi ne su kama giya su daidaita gudunta kafin ta shiga. Zoben yana bukatar ɗan kamu. GL-5 ya cika santsi a gare shi, kuma idan man ya yi zafi sosai, wasu nau'o'insa suna cin tagullar a hankali. Kauri kuma ya ƙara dagula lamarin, domin sai zoben ya matse man da ke tsakaninsa da giya kafin ya kama, mai kauri kuwa ba ya matsuwa da wuri.

Don haka yanzu giyabos da tiransifa 75W-90 GL-4 nake zuba musu, aksil biyun kuma 80W-90 GL-5. Robar da aka rubuta wa GL-4/GL-5 tare tana iya yi, amma ni ban fiye sakin jiki da ita a tsohuwar giyabos ba matuƙar GL-4 zalla na samuwa. Shi 85W-140 na bar shi ga aksil na baya kaɗai, shi ma sai idan motar kullum cikin lodi take a zafin bazara. Yana rage kukan aksil, amma boris ɗin da ya ci ya riga ya ci. Mai giyar otomatik kuma kada ya kusanci wannan man da giyarsa, ita jan man ATF take sha.

Kafin a sayi man aksil na baya, a duba ko aksil ɗin LSD ne, wato mai faifan kuloci a ciki. A tare tayoyin gaba da dutse, a cire giya, a saki birkin hannu, a ɗaga bayan da jak, a juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, LSD ne. Idan ta juya baya, na gama-gari ne. LSD sai man da aka rubuta wa LS. In ba haka ba, za ka ji bayan motar yana ƙugi yana fizga a kwana mai tsauri, ka ɗauka wani abu ya karye.

Lita 5 na GL-4 da lita 4 na GL-5 na saya, kuma an samu ragowa. Ba da awo ake cikawa ba. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a yi ta turawa da famfon hannu ko tiyo da mazurari har man ya fara dawowa ta bakin ramin zubawa, shi ke nan. Idan aka karkata motar aka cusa fiye da haka, man zai yi kumfa ya nemi hanya ta sil, na baya har ya kai ga birki.

A fara kwance notin zubawa na sama kafin na juyewa na ƙasa. Idan ka juye man sannan na sama ya ƙi motsi ko kansa ya lalace, motar ta zauna ke nan. A yi ɗan zagaye tukuna don man ya yi ɗumi ya fito da dattinsa, a sa sabuwar washa, kuma kada a ɗaure da ƙarfin tsiya, domin zaren jikin alminiyom ba ya jure wa.

Tsohon man da ya fito na tara shi a farar roba na kai shi rana. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: baƙin laushi kamar kwalli a kansa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji haƙori ne ko boris. Man giyabos ya fito yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, wato tagullar sinkiro ce. Na aksil na gaba kuwa ya fito kalar shayi da madara, ruwa ke nan. Aksil mai zafi idan ya faɗa ruwa lokacin damina yakan huce nan take ya zuƙo ruwan ta ɗan bututun numfashinsa na sama. Na wanke bututun, na ja masa tiyo zuwa sama. Yanzu duk kilomita 40,000 nake canja huɗun, aksil kuma duk lokacin da ruwa ya kai tsakiyar taya sai na kwance noti na leƙa kalarsa.